Daga Wamakko Zuwa Goronyo: A Bar Kifi Ya Yi Ƙwai Kafin a Kama Shi

Da jijjifin safiya, bayan an idar da sallar Asuba, masuncin Wamakko yakan kwance kwale-kwalensa daga bakin Gulbin Rima, ya ɗauki filafili ya nufi inda ya kafa kalli da mamari tun jiya da almuru. A kan hanya yakan jefa birgi sau biyu ko uku a wuraren da ya san kifi na fakewa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya dawo gaɓa, inda masu sari suke jiransa. A cikin kwandonsa akan sami tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, amma duk wanda ya duba da idon basira zai lura cewa da yawa daga cikinsu tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Ƙorafin da aka saba ji daga bakin dattawan masunta shi ne, kifi ya ragu, kuma ya ƙanƙance.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ne aka tauye wa kifin Rima: wurin da zai hayayyafa, da lokacin da zai girma. Muddin ana son sana'ar su ta ɗore a wannan yanki, wajibi ne a kafa ƙa'ida ɗaya, a kuma tsaya a kanta, wato kada a kama kifi sai ya sami damar yin ƙwai ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Inda Ake Haihuwar Kifi

Gulbin Rima yana samun ruwansa daga ƙoramu irin su Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Kusa da birnin Sakkwato yake haɗuwa da Gulbin Sakkwato, sannan ruwan ya gangara ta Wamakko da Argungu da Birnin Kebbi, har ya faɗa Kwara. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka rayuwar kifi gaba ɗayanta ta rataya ne a kan waɗannan 'yan watanni.

Mutane da yawa sun ɗauka a tsakiyar gulbi kifi yake haihuwa. Galibin kifayen Rima a fadama suke yin ƙwai, a lokacin da gulbi ya cika ya malala cikin ciyawa. Tarwaɗa takan bi sabon ruwa da dare ta zuba ƙwai masu danƙo a jikin ciyawa, su kuma ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Bargi yakan share fili a cikin ciyawar ya gina sheƙa mai faɗin kimanin mita ɗaya. Yauni kuwa sheƙarsa a kan ruwa take yawo. Ita ko karfasa, uwar ce take riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ba ci ba sha, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya kama ta a wannan hali ya hallaka ɗaruruwan kifi a jifa ɗaya.

Ruwan fadama ba shi da zurfi, yana da ɗumi, ga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da suke haifar da ƙananan halittu waɗanda 'ya'yan kifi suke ci, ga kuma ciyawar da za su ɓuya wa manya. Idan ruwa ya fara janyewa da kaka, sai su biyo shi su koma gulbi da ƙarfinsu. Wannan ne ya sa masana kimiyyar kifi suka tabbatar da cewa yawan kifin da ake kamawa a gulabe irin wannan yana bin girman cikar da gulbin ya yi a shekarar ko a wadda ta gabace ta.

Abin da Madatsa Ta Sauya

A shekarar 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Bayanta aka gina ta Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984, aka buɗe a 1992. An tsara ta Goronyo ta riƙe kubik mita miliyan 942 na ruwa, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne. Babu mai musun amfanin waɗannan madatsu, domin da su ake noman rani, da su kuma birnin Sakkwato yake samun ruwan sha. To amma aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta ajiye don rani, wannan ruwan kuwa shi ne wanda kifi yake jira ya yi ƙwai. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Wiliyam Adams, ya wallafa bincike a 1985 a kan ƙauyukan da ke ƙasan Bakalori, inda ya nuna cewa cikar gulbi ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, su ma ya lalace.

Har ila yau, katangar madatsa takan datse hanyar kifin da ke haura gulbi don neman wurin haihuwa. Masuncin da ya bar Wamakko ya tafi ci-rani tafkin Goronyo zai tarar da wata duniya dabam: ruwa mai faɗi da zurfi, irin wanda giwan ruwa yake so. Sai dai shi ma tafkin ba ya zama a hali ɗaya. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta tafi da gadar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato. A farkon 2018 kuma ruwan Goronyo ya ƙafe har ya koma kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da aka tsara ya riƙe. Idan ruwan tafki ya sauka da sauri, ramukan da karfasa ta haƙa a gefen gaɓa don yin ƙwai sai su koma tudu.

Lissafin Ƙaramin Kifi

Bayan matsalar ruwa, sai ta kayan su. Da kifi ya fara ƙaranci, sai masunci ya rage girman idon komarsa don kada ya koma gida hannu rabbana. Daga nan sai a kama ƙanana, baɗi a rasa iyaye, a ƙara matse idon koma. Abin ya kai har ana yin taru da gidan sauro, wanda ramukansa ba su kai milimita 2 ba, ga shi kuma an jiƙa shi da maganin ƙwari mai cutar da kifi. Wasu kuma sukan zuba guba a ruwa, irin su Gamalin 20, wanda sinadarinsa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da su.

Ɗalibin da ya san lissafi zai gane asarar nan da nan. Nauyin kifi yana ƙaruwa ne kusan daidai da tsawonsa sau tsawonsa sau tsawonsa. Idan tsawo ya ninka sau 2, nauyi zai ninka sau 8. Alal misali, karfasa mai tsawon santimita 10 nauyinta kimanin giram 20 ne, amma idan ta kai santimita 20 za ta kai kimanin giram 160. Ke nan guda 100 ƙanana kilo 2 ne kacal. Ko da rabinsu sun mutu kafin su girma, 50 ɗin da suka rage za su ba da kilo 8, bayan sun riga sun bar 'ya'ya a ruwa. Manomi ba ya dafa irin da zai shuka, masunci ma bai kamata ya soya nasa ba.

Doka ma ta san da wannan. Dokar Su a Ruwayen Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki wajen kama kifi, ta kuma hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da wasu 'yan nau'o'i da ta keɓe. Dokar na nan a takarda, abin da ya rage shi ne ta iso bakin gulbi.

Darasi Daga Nesa da Kusa

A Amurka akwai masu fita su don nishaɗi a cikin wani ɗan siririn kwale-kwale mai cin mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, asalinsa kuwa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara. Sukan bi gulabe da tafkunan madatsu suna neman wani kifi mai suna bas, wanda yake cin 'yan'uwansa kifaye kamar yadda giwan ruwa yake yi. Tun daga 1972 manyan gasanninsu suka fara mayar da kifi ruwa da ransa. A gasar masu kayak ma, ɗora shi ake yi a kan allon awo, a ɗauki hotonsa, a sake shi. Bas mafi nauyi da aka amince da shi a tarihi kilo 10 ne da 'yan kai. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2005 kuwa kilo 75 ne. Wanda yake da irin wannan dukiya a ruwansa ya fi kowa cancantar ya tsare ta.

Ba a ce masuncin Wamakko ya riƙa sakin duk abin da ya kama ba, domin shi abinci yake nema, ba nishaɗi ba. Abin koyi a nan shi ne allon awo. A Tafkin Biktoriya, inda su sana'a ce kamar a nan, ƙasashen Kenya da Yuganda da Tanzaniya sun amince a farkon shekarun 2000 cewa giwan ruwan da za a kama ya kasance tsakanin santimita 50 da 85. Na ƙasa da haka bai isa haihuwa ba, na sama da haka kuwa galibi manyan mata ne masu zuba miliyoyin ƙwai.

Ba sai an je nesa ba ma. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asalinsa na zamani a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ne a kan hani. Ana rufe Matan Fada ga masu su, ba a shiga sai da izinin Sarkin Ruwa. Wannan hutu shi yake ba giwan ruwa damar yin girman da ake zuwa kallo. Kabawa sun san amfanin hutar da ruwa tun kafin a rubuta shi a littattafan kimiyya.

Uzurin Masunci

Wani zai ce yunwa ba ta jiran kifi ya girma, kuma idan wannan ya saki ƙaramin kifi, na bayansa ne zai kama. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya. Ƙa'idar tana aiki ne idan kowa ya bi ta, kuma wanda ya fi iya sa a bi ta shi ne Sarkin Ruwa da dattawan Sarkawa, waɗanda suka san kowane gurbi da kowane mai kwale-kwale. Bugu da ƙari, watannin da ake so a sassauta su, wato Yuli zuwa Satumba, su ne watannin da yawancin masunta suke gona. Ba dole ne a rufe gulbi duka ba, ya isa kowane gari ya keɓe gurbi ɗaya ko biyu. Wanda aka ce ya ajiye koma mai ƙaramin ido kuma, ya kamata hukuma ta musanya masa da mai inci 3, ba a ƙwace a bar shi hannu wofi ba. Ita kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsun, ya dace ta sa kifi cikin lissafinta, ta riƙa sakin ruwa sannu a hankali a lokacin yin ƙwai, gwargwadon da zai jiƙa fadama ba tare da ya ci gona ko gida ba.

Aikin Ɗalibi da Malami

Duk waɗannan shawarwari suna bukatar alƙaluma, alƙaluma kuwa ba sa samuwa sai an auna. A nan ne makarantun sakandare na Wamakko da Dundaye da Goronyo za su yi amfani. Kayan aikin ba su wuce rula da sikeli da littafin rubutu ba. Sau ɗaya a mako, malamin ilmin halittu ya je bakin gulbi da ɗalibai huɗu ko biyar, su gaida masunta, su nemi izini, su auna kifi 20 daga abin da aka kamo. A rubuta sunan kifin da tsawonsa da nauyinsa, da irin kayan da aka kama shi da su, da kwanan wata. Idan mai gyaran kifi ya farke ciki, a duba ko akwai ƙwai. Bayan shekara ɗaya, za a san watan da kowane kifi yake yin ƙwai a wannan gulbi, da tsawon da yake fara yi. Bayan shekara biyar, zane ɗaya a jikin allo zai nuna ko kifin yana ƙanƙancewa ko yana farfaɗowa. Irin wannan bayani zai amfani masu nazarin kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, zai kuma zama hujja a hannun Sarkin Ruwa ranar da zai tara jama'arsa.

Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai 'ya'yan masunta ne, kuɗin makarantarsu ma daga kwandon nan yake fitowa. Idan yaro ya ɗora karfasa a kan rula a gaban mahaifinsa, ya nuna masa cewa watanni kaɗan suka rage ta yi ƙwai ta kuma ninka nauyinta, wannan magana ta fi shiga kunne bisa ga sanarwar rediyo. Ranar da masuncin Wamakko ya zare ƙaramar tarwaɗa daga ƙugiya ya mayar da ita ruwa da hannunsa, yana da tabbacin maƙwabcinsa ma haka zai yi, ranar ce kifin Rima zai fara dawowa.