RA'AYINMU: Danjar Da Ke Shawara Da Maƙwabciyarta

Duk mai tuƙi a cikin gari ya san wannan takaici. Jar danja ta tsayar da shi, alhali hanyar da aka bai wa hannu ba ko mota ɗaya a kanta. Yana wucewa, ta gaba ta sake tare shi. Dalili kuwa shi ne yawancin danjoji da agogo suke aiki. Ba su ganin motoci, ba su kuma san halin da mahaɗa ta gaba ke ciki ba.

A shekarar 2012, masana na Jami'ar Carnegie Mellon sun gwada wata dabara mai suna Surtrac a mahaɗa 9 cikin birnin Pittsburgh na Amurka. An sa wa kowace mahaɗa ƙaramar kwamfuta da na'urar ganin motoci. Ita za ta duba abin da ke tahowa, ta yanke wa zai wuce da tsawon lokacin da za ta ba shi, sa'an nan ta aika wa maƙwabtanta labarin motocin da ta saki domin su shirya. Babu wani babban ofishi mai ba su umarni, a tsakaninsu suke daidaitawa. Masanan sun ce lokacin tafiya ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100, na jira kuma da kashi 40.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Minti biyar a cunkoso na iya raba mai naƙuda da asibiti. Mai da ake ƙonawa a tsaye kuɗin cefanen iyali ne, hayaƙin kuma 'ya'yanmu masu talla a bakin titi ke shaƙa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin biranenmu, in za a sayi sababbin danjoji, a sayi masu iya magana da juna. A fara da babban titi guda, a ba su wutar hasken rana, a koya wa matasanmu gyaransu, domin danjar da ta mutu ba ta shawara da kowa.

Mu ma masu tuƙi muna da namu. Komai wayon na'ura, direba ɗaya da ya keta ja ya ɓata lissafin titi duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jama'a, mu tsaya inda aka ce mu tsaya.