Bindiga Don Tsaron Gida

Kowace kaka, idan ruwa ya janye daga fadamun Haɗejiya, shanu suka gangaro ba a gama yankan shinkafa ba, sai ka ji magidanta a Guri da Kirikasamma suna shawarar irin bindigar da za su saya. To, Dokar Makamai ta 1959 ta riga su zaɓe. Libarba da bindigar soja an hana, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Mai baki biyu ta farauta, lasinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Harbi-ruga kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da takardarta. Harsashi ma ba a ajiye shi sai da lasin.

A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi bindigogi. Mu ba mu ga dalilin koyi da ita ba. Rigimarmu ta gona da burtali ce, tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a kasuwa guda. Malamai da akawuna, ku ake tambaya a ƙauye. Ku karanta wa jama'a dokar nan, ku kuma matsa wa hakimai a shata burtali tun shanu ba su iso ba.