Sarewar da Muka Raina, Baƙo Ya Zo Koyonta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta ɓarke a ɗakinmu daren da na kunna faifan Hikima. Wani ya ce wannan hayaniyar Nasara ce. Wani kuma ya ce an ɓata mana kiɗan gargajiya da aka cuɗanya shi da jaz. Ni kuwa na ce duka biyun sun yi kuskure, ga kuma hujjata.

Mai faifan, watau Yusef Lateef, baƙar fata ne Musulmi da ya tashi a Detroit ta Amurka. Ya riga ya yi suna a duniya wajen busa, amma ya baro gida yana da shekara sittin da ɗoriya, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a kan sarewar Fulani. A 1983 ne ya yi faifan Hikima tare da makaɗan ƙasarmu. To, ina Nasarancin yake?

Mai cewa an gurɓata gargajiya kuwa, sai ya gaya mana ranar da kiɗan Hausa ya zauna ba tare da aro ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa aka soma busa kakaki a fada. Algaita, sunanta ma kaɗai ya isa shaida cewa ta ƙetaro Sahara ne. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi, da gwangwani ake yin ƙoƙonsa. Ashe abin da muke kira gargajiya yau, jiya baƙo ne, zama ya mai da shi ɗan gari.

Na yarda ba kowane gauraye ne abin yabo ba. Akwai masu ɗora kalangu bisa kiɗan Turai kamar an yafa wa jaki alkyabba, su ci kuɗi, makaɗin da ya yi gumi ko sunansa ba a ji. Wannan zalunci ne, a yaƙe shi. Amma wanda ya durƙusa shekara huɗu yana koyo, ai ba a haɗa shi da ɓarawon zaune.

Abin kunyar namu ne. A Sanyinna na tashi, kuma tun ina yaro nake jin makiyaya suna busa sarewa a bayan gari idan shanu sun doshi gida. Da muka shiga makaranta sai muka koyi kiranta ƙauyanci. Lateef ya rasu a 2013, busarsa na nan a faifai. Tsofaffin da ke busa tsakanin Tambuwal da Kebbe fa, wa ya ɗauki tasu? In sun kwanta dama, da me za mu yi alfaharin?

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, a makon al'adu mai zuwa a rage kuɗin hayar lasifika, a gayyato mai sarewa, a biya shi hakkinsa, a haɗa shi da ɗalibanmu masu jita, a naɗi abin da ya fito, a rubuta sunansa a sama. In ya yi daɗi mun ci riba, in bai yi ba mun koyi wani abu. Allah ya sa mu gane.