Ra'ayinmu: Gwanjon waya ya yi, amma wa zai riƙe kuɗin?

A watan Nuwamban 2020 kamfanin PIPA na ƙasar Beljiyam ya yi gwanjon wata tattabarar tsere mai suna New Kim a intanet, aka sallama ta ga wani ɗan China a kan Yuro miliyan 1.6. Masu kiwon tattabaru na Kano da Zariya da Maraɗi ba su kai ko kusa da wannan farashi ba, amma salon cinikin ya iso gare su. Mutum zai ɗauki bidiyon tsuntsunsa, ya buɗe fiffiken a gani, ya saka a rukunin WhatsApp ko Facebook, ya faɗi inda tayi zai fara, ya ce za a rufe bayan sallar isha'i. Haka ake yi da kwabo mai huji da anini, da takardar fam ta kafin zuwan naira a 1973, da kan sarki, da faifan garmaho, da tsofaffin bugun littattafan Zariya.

Amfanin abin a fili yake. Irin waɗannan kaya masu son su ba su da yawa, kuma a warwatse suke. A da, idan dattijo ya rasu ya bar gwangwanin tsofaffin sulalla, ƙarshensa hannun 'yan gwangwan, a auna a kan sikeli a biya kuɗin ƙarfe. Yau mutum biyar da suka san darajar abin za su iya haɗuwa a waya ɗaya su yi ta ƙari har kaya ya kai kuɗinsa. Ta fuskar addini ma ba a rufe ƙofa ba, domin mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara. Abin da aka haramta shi ne najashi, wato mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya zuga farashi. Wannan kuwa ya fi sauƙi a waya fiye da a kasuwa: layi na biyu kawai mai kaya yake buƙata, ko aboki ɗaya mai ƙarancin tsoron Allah.

Amma babbar matsalar tana farawa ne bayan an ce "na sallama". Mai saye yana Sakkwato, kaya na Jos, dole ɗaya ya riga ɗaya sakin abin hannunsa. In mai saye ya fara turawa, yana iya wayar gari an toshe lambarsa. In mai kaya ya fara aikawa, yana iya samun kansa da hoton rasit na bogi da alat ɗin da bai taɓa shiga asusu ba. Sannan ga tasha. Yawancin saƙon nan direba ake ba, a biya kuɗin saƙo, a karɓi lambarsa a tura wa mai saye, shi ke nan. Ba takarda, ba shaidar abin da ke cikin kwalin. Faifai ya kwana ƙarƙashin buhun albasa ya iso a tsage, ko tattabara ta mutu a but saboda zafi, sai a shiga jayayya: mai kaya ya ce lafiya ya bayar, direba ya ce ba a gaya masa abin da ke ciki ba.

Manyan dandalin gwanjo sun daɗe da gane wannan. eBay, wanda aka kafa a 1995, yana da tsarin mayar wa mai saye kuɗinsa idan kaya bai iso ba ko ya saɓa da yadda aka siffanta shi, yana hukunta tayin bogi, kuma yana cire la'adar da kan haura kashi 10 cikin ɗari a yawancin kaya. Sai dai ɗan Najeriya bai taɓa shiga wannan kasuwa cikin sauƙi ba. Lokacin da PayPal ya shigo ƙasar a 2014, damar biya kawai ya bayar, ban da ta karɓa. A watan Agustan 2025 kuma Amurka ta dakatar da rangwamen da ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba haraji. In aka haɗa da kuɗin DHL ko EMS, sau da yawa aike ya fi kayan tsada. Saboda haka cinikin cikin gida ne zai ci gaba da rinjaye, kuma shi ne ba shi da mai tsaro.

Masu sayarwa suna da hujjarsu idan aka kawo maganar mai shiga tsakani. Sukan ce ribar ba ta da yawa balle a raba, jiran kuɗi kwana uku yana kashe ƙaramin jari, kuma shi mai riƙon kuɗin ma ɗan Adam ne, yana iya gudu da su. Duk gaskiya ne. Amma kasuwar Hausa ba ta taɓa tafiya ba dillali ba. A kara ma sai da shaida da la'ada ake kora saniya.

Matsayinmu shi ne a ci gaba da gwanjon, amma duk rukunin da ke gudanar da shi ya ɗauki nauyin da ke tattare da shi. A sami amintaccen mutum wanda aka san sunansa da shagonsa, ya riƙe kuɗi har mai saye ya ce kaya ya iso, a kan la'ada sananniya. A ɗauki bidiyon kaya lokacin ɗauri da lokacin kwancewa. A faɗi tun kafin tayi wanda zai biya kuɗin mota da wanda asara za ta hau. Wanda aka kama da tayin bogi a kore shi, a sanar da sauran rukunoni.

Akwai kuma kayan da ba na gwanjo ba ne ko kaɗan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta taƙaita cinikin kayan tarihi, ciki har da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Tsohon takobin kaka ko rubutun hannu na ajami da aka gada, a fara kai shi Gidan Makama ko Arewa House a ji ta bakin masana kafin a ɗauki hotonsa.