Darasin Awo Ya Kamata Ya Fara daga Jikin Yaro

A yawancin azuzuwan firamare, darasin awo ba ya wuce allo. Malami ya rubuta cewa santimita 100 ita ce mita 1, giram 1,000 kuma kilo 1, yara su yi ta rerawa har a kaɗa ƙararrawa. Amma yaron da ya fi kowa iya wannan hadda, idan aka miƙa masa igiyar awo aka ce ya faɗi tsayin ƙanensa, sai ya tsaya yana zare ido. Dalili kuwa shi ne bai taɓa ganin lamba ta yi magana a kan wani abu da ya shafe shi ba.

Maganin wannan matsala yana ɗakin shan magani na unguwa, inda iyaye mata ke kai jarirai awo. Katin da ake ɗiga nauyin jariri a kai wata bayan wata jadawali ne cikakke, kuma a Nijeriya aka rene shi. Likitan nan ɗan Ingila, David Morley, ya inganta shi lokacin da yake aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙarshen shekarun 1950. Ke nan tun kafin yaro ya shiga aji, akwai jadawali mai ɗauke da sunansa a ajiye a ɗakin mahaifiyarsa.

Abin da ya fi dacewa da aji shi ne tsirin awon damtse mai launi uku, wanda ake zagaya wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 a tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, abin da ya haura haka kuma kore. Ɗalibin da ya yanki kwali, ya shata santimita da rula, ya shafa launukan da hannunsa, ya koyi abin da ɗigon da ke cikin 11.5 yake nufi, domin ya ga yadda tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta raba ja da kore. Masu ganin abin ya fi ƙarfin yara su tuna cewa a Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata amfani da tsirin, suka kuma iya.

Haka nan bugun zuciya. Yara su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, su ƙirga na daƙiƙa 15, su ninka sau 4. Sannan su zaga fili da gudu, su sake ƙirgawa. Malami ya ja layi biyu a allo, kowa ya faɗi nasa, a jera murafen kwalba gwargwadon yawan masu kowace lamba. Tambayar wane layi ya fi tsawo, kuma me ya sa, daga bakin yaran za ta fito. Kafin rula ma, a bar su su auna tabarma da taƙi da kamu. Da zarar taƙin malami ya ba da 8, na yaro ya ba da 12, sun gane da kansu amfanin ma'auni guda ga kowa.

Sai dai akwai hattara. Jikin yaro ba tebur ba ne, yana da kunya. Malamin da ya kafa sunayen yara da nauyinsu a bango ya buɗe ƙofar tsokana, musamman ga ramamme da mai ƙiba. A rubuta lambobi kawai, sunaye su tsaya a littafin mai su. Bugu da ƙari, malami ba likita ba ne, tsirin kwali kuma yana iya kuskure. Ba a yi shi don 'yan firamare ba, ƙannensu za su auna a gida, da izinin iyaye. Idan wani ya dawo da labarin ja ko rawaya, ba a gaban aji za a tattauna ba. Malami ya sami mahaifin yaron a keɓe, ya roƙe shi a kai ƙaramin asibiti ranar, ma'aikacin lafiya ya sake aunawa da nasa tsirin.