Tsakanin Tukunya da Kwalbar Magani: Nazari a Kan Binciken Jeremiah Stamler

A ranar 12 ga Afrilu, 1945, shugaban ƙasar Amurka Franklin Roosevelt ya rasu sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Awon jininsa a wannan rana ya kai 300 bisa 190, alhali na mai lafiya bai cika wuce 120 bisa 80 ba. Shekara da shekaru jinin nasa yana hawa a gaban idon likitocinsa, amma babu wani magani na kirki a hannunsu. Da yawa daga likitocin wancan zamani ba su ma ɗauki hawan jini a bakin cuta ba. A ganinsu, idan mutum ya manyanta jijiyoyinsa kan yi tauri, don haka dole zuciya ta ƙara ƙarfin harbawa kafin jini ya isa ko'ina. Hatta sunan cutar da Ingilishi yana ɗauke da wata kalma da aka riƙa fahimta da ma'anar abin da ba makawa sai da shi. Suna kuwa linzami ne. Inda ya juya, nan tunani yake bi.

Daga cikin masanan da suka kawar da wannan fahimta akwai Farfesa Jeremiah Stamler. An haife shi a birnin Niyok a 1919, ya kammala karatun likita a 1943, ya yi aikin soja, sa'an nan a 1948 ya kama bincike a asibitin Michael Reese da ke Shikago. A can ya riƙa ciyar da kaji abinci mai yawan kwalastaral, yana duba yadda jijiyoyinsu ke toshewa. A 1958 ya koma hukumar lafiya ta birnin, daga baya kuma ya zama shugaban farko na sashen rigakafin cututtuka a Jami'ar Northwestern. A 1965 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar waɗanda ake zargi da gurguzanci ya kira shi. Ya ƙi amsa tambayoyinsa, ya kuma kai ƙara kotu, ba a rufe shari'ar ba sai a 1973. Ya rasu a Janairun 2022 yana da shekara 102. Masu son labari kan kafa hujja da tsawon ransa wajen gaskata koyarwarsa, amma wannan kuskure ne, domin mutum ɗaya ba ya zama hujja a ilmin da ake ƙirga dubbai.

Abin da ya cancanci nazari a rayuwar wannan malami shi ne yadda hanyar bincike guda ta kai shi ga sakamako biyu, ɗaya game da gishiri ɗaya game da bitamin, kuma gwaji ya tabbatar da na farko ya rushe na biyu. Wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci abin da ya sa ya kamata a fi dogaro da abin da ke cikin tukunya a kan abin da ke cikin kwalba.

Babban aikinsa a kan gishiri shi ne binciken INTERSALT, wanda ya gudanar tare da matarsa Rose Stamler da wasu masana na Landan, aka buga shi a 1988. An auna mutum 10,079, masu shekara 20 zuwa 59, a cibiyoyi 52 cikin ƙasashe 32. Ba a tsaya ga tambayar mutum gishiri nawa yake ci ba, tun da ba wanda ya san amsar, kuma ko mai girkin ba ta auna shi da sikeli. Sai aka nemi kowa ya tara fitsarinsa na sa'o'i 24, aka aika samfurin duka zuwa ɗakin gwaji ɗaya a birnin Leuven na Beljiyam, saboda kusan duk sinadarin sodiyam da mutum ya ci ta fitsari yake fita. Aiki ne marar daɗin ambato, amma shi ne ƙashin bayan binciken. An tarar mutanen Yanomami na dajin Amazon a Birazil kusan ba sa cin gishiri, matsakaicin awon jininsu bai kai 100 a lambar sama ba, kuma na dattijonsu bai ɗara na saurayinsu ba. A arewacin ƙasar Sin kuwa an sami masu cin kimanin giram 14 a rana. Wato dai hawan jini ba tilas ne ya bi tsufa ba, kamar yadda likitocin Roosevelt suka ɗauka.

Sai dai masu suka ba su yi shiru ba, kuma ba a banza suka yi magana ba. Sun nuna cewa al'ummu huɗu ne suka fita daban: Yanomami da mutanen Xingu a Birazil, da wasu mazauna tsaunukan Niyu Gini, da wasu ƙauyawa a Kenya. Da an cire waɗannan, dangantakar yawan gishiri da matsakaicin awon jini a sauran cibiyoyi 48 sai ta raunana ƙwarai, ko da yake ta saurin hawan jini tare da shekaru tana nan. Bugu da ƙari, mutumin daji ba gishiri kaɗai ya rasa ba: ba shi da teɓa, yana yini a kan ƙafarsa, abincinsa ma daban ne. To, wanne daga ciki ya kare shi? Gaskiya ne cewa masu sana'ar gishiri suna cikin masu wannan suka, amma son zuciyar mai tambaya ba ya ɓata tambayar. Stamler da abokan aikinsa sun kare sakamakonsu da zafi, har ana iya cewa sun ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Zakara yakan yi cara gari ya waye, amma ba carar ce ta kawo asuba ba. Ganin abu biyu suna tafe tare bai isa a ce ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Abin da ya raba gardama shi ne gwaji, inda ake raba mutane gida-gida ta hanyar ƙuri'a, a sauya wa wani rukuni abu ɗaya, a jira a gani. A 1997 wasu masana a Amurka suka buga gwajin DASH, wanda aka ciyar da mutum 459 a cikinsa. Waɗanda aka ba abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itatuwa da nono marar maiƙo na mako takwas, in dai masu hawan jini ne, awonsu ya sauka da 11.4 a lambar sama da 5.5 a ta ƙasa, abin da ya yi kusa da aikin ƙwayar magani guda. A 2001 aka maimaita tare da rage gishiri, jinin ya ƙara sauka. A 2021 kuma aka buga wani gwaji na ƙauyuka 600 a arewacin Sin, mai mutum 20,995. An ba rabinsu gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotasiyam, kuma cikin kusan shekara biyar shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 14 cikin ɗari. (Ba a shigar da masu ciwon ƙoda mai tsanani ba, domin fotasiyam yana iya cutar da su.) Zaton Stamler ya tabbata, amma a hannun wasu.

Labarin bitamin ya sha bamban. A 1981 Stamler yana cikin marubutan wani rahoto a kan ma'aikatan kamfanin Western Electric na Shikago, waɗanda aka bi diddiginsu shekara 19. An ga cewa masu cin abinci mai yawan karotin, wato sinadarin da ke ba karas da manja launinsu, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Daga baya, a 2002, nazarin waɗannan ma'aikata ya nuna cewa masu samun karotin da bitamin C da yawa a abinci jininsu bai cika saurin hawa ba. Hankali sai ya raya cewa a ciro sinadarin a dunƙule shi ƙwaya, a huta da ganye. An gwada. A ƙasar Finlan an raba mashaya taba 29,133 rukuni-rukuni, kuma a 1994 sakamako ya fito: waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka dakatar da makamancinsa a Amurka tun kafin wa'adi, saboda dalili ɗaya. Bitamin D ma, da aka gwada shi a kan mutum 25,871 aka bayyana sakamakon a 2018, bai rage ciwon zuciya da shanyewar jiki ba. Bitamin C ne ya ɗan nuna alama: gwaje-gwaje 29 da aka tattara a 2012 sun nuna saukar da ba ta kai 4 ba a lambar sama, kuma yawancinsu na 'yan makonni ne.

Wannan ba ya nufin bitamin ba shi da amfani. Inda akwai rashi, cike shi magani ne: yaron da dundumi ya kama yana bukatar bitamin A, mai juna biyu kuma tana bukatar abin da aka ba ta a wurin awo. Kuskuren yana wajen wanda ya sayi kwalba mai tsada don ta sauke masa jini, ya bar alayyafo da zogale da wake da lemo, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa sai baki ya karkace ake sanin yana nan.

Malamin makaranta, musamman a karkara, shi ake kawo wa irin waɗannan kwalabe ya karanta rubutun jikinsu, don haka ya dace ya san tambayar da zai yi: an gwada ne, ko an lura ne kawai? Ya kuma san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na dunƙulen miya da burodi da taliyar leda. Kanwa ma tana ciki. Sunan da ake kiranta da shi a Ingilishin Nijeriya yana nuni ga fotasiyam, alhali mafi yawanta sodiyam ne.

Ita kanwar ma ta taɓa shiga irin wannan shari'a. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gado mai wuta a ƙarƙashi. Wannan lura ce, kuma an daɗe ana koyar da ita. A 2015 Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka auna jinin masu wannan ciwo a Kano, suka tarar mafi yawansu suna fama da ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci.