Tsadar Man Fetur: Ina Rarar Kuɗin Tallafi Take Shiga?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da tsadar man fetur.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a nan Arewa, a watan Oktoba 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Ko da farashin ya ɗan sauko a 2025, kuɗin mota bai biyo shi ba.

Jama'a da yawa direbobi suke zagi, amma ni ban ga laifinsu sosai ba. Direba zai sha mai, ya biya kamasho a tasha, ya miƙa na goro a kowane shinge, sannan da yamma mai mota na jiran balas. Taya da baƙin mai da kayan gyara duk sun bi Dala sun tashi. To yaya ba zai cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba ba?

Wanda abin ya fi ƙarewa a kansa shi ne mutumin ƙauye, domin sau biyu yake biya. In ya kai buhun masara kasuwa, mai saye sai ya cire kuɗin mota kafin ya taya. In ya juya zai sayi gishiri da sabulu da taki, an riga an ɗora masa kuɗin motar a kai. Ga shi ƙauyuka da dama babu gidan mai, sai wajen 'yan bumburutu, su ma da nasu ƙarin. Manomin rani mai injin ban ruwa da mai markaɗe kuwa, Allah kaɗai ya san halin da suke ciki.

Edita, a 1994 Janar Abacha ya mai da lita Naira 11, ya kafa PTF a ƙarƙashin Janar Buhari. Ba yabon mulkin soja nake ba, an yi ƙorafi a kanta ita ma, amma dai talaka ya ga magani a asibiti da hanyoyi ɗauke da tambarinta. Tun da aka janye tallafi kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru. Saboda haka ina kira ga gwamnoninmu, don girman Allah, su fito su gaya mana nawa suka karɓa da abin da suka yi da shi. Motocin sauƙaƙa sufuri kuma kada su tsaya a birni, a turo su ƙauyuka ranakun kasuwa, a kuma gyara hanyoyin karkara kafin damina.



Naka mai karatu kullum,
Daga Funtuwa, Jihar Katsina.